Saƙo ba sim ba data: wata 9 ina gwada Meshtastic a Zariya

Assalamu alaikum jama'a. Tun ranar da na sa hoton ɗan farin akwatin nan da ke ɗaure a saman tankin ruwan gidanmu mutane ke ta tambayata wai mene ne, wasu na cewa na intanet ne, wasu sun ɗauka kyamara ce, wani ma ya kira ni yana tambaya ko yana kama tashoshin ƙwallo. To babu ko ɗaya a ciki. Rediyo ce, amma ba irin wadda Baba ke kama labaran asuba da ita ba, wannan rubutaccen saƙo kawai take ɗauka daga waya zuwa waya, ba sim, ba data, ba ruwanta da sabis ɗin kowane kamfani. Yau wata 9 ke nan muna fama da ita ni da wasu abokai, sai na ga gara in zauna in rubuta abin da idona ya gani tun kafin wani ya je ya zuba kuɗinsa saboda bidiyon da ya kalla a YouTube.

Abin da ya jefa ni cikin harkar ba wai son kayan wasa ba ne. A 2021 da aka rufe layukan waya a Zamfara da wasu ƙananan hukumomin Kaduna irin su Birnin Gwari da Giwa, ƙanwar mahaifiyarmu tana aure a can wajen Giwa, mun yi makonni ba mu ji muryarta ba sai dai in wani ya shigo Samaru cin kasuwa ya kawo labari, kullum Inna na zaune da waya a hannu tana danna lambar da ta san ba za ta shiga ba. Wannan abu ya tsaya min a rai. Sai kuma watan Oktoba na 2024 da Arewa ta kwana fiye da mako ba wuta, a unguwarmu da dare ya yi sai sabis ya fara wasa, ka tura saƙo ya yi ta juyawa. A cikin wannan duhun ne wani abokina mai gyaran waya a Sabon Gari ya nuna min abin, ya ce Malam akwai wata hanya fa, kuma ba tsada.

Sunan fasahar LoRa, ta wani kamfani ce na Amurka mai suna Semtech, wanda ya sayi ƙaramin kamfanin Faransa da ya ƙirƙiro ta, Cycleo, a 2012. Asali an yi ta ne don ƙananan na'urori irin mitar ruwa da na gona da ke aika ɗan bayani kaɗan zuwa nesa ba tare da cin batir ba. Shi kuma Meshtastic manhaja ce ta kyauta da wani injiniya Kevin Hester ya fara a 2020, yanzu 'yan sa-kai daga ƙasashe daban-daban ke ci gaba da ita. Kai za ka sayi ɗan allon rediyon, ka ɗora masa manhajar, ka haɗa shi da wayarka ta Bluetooth, shi ke nan ka rubuta saƙo kamar yadda ka saba. Inda daɗin yake, duk na'urar da ta ji saƙonka tana sake maimaita shi ga na gaba, kamar dai yadda ake sanarwar rasuwa a cikin Birni, masallacin nan ya faɗa, na unguwar gaba ya ji ya ɗauka, kafin a yi azahar har Tudun Wada an sani. Kowane maimaici mu muna ce masa zango. Yadda manhajar take zuwa, saƙo na yin zango 3 ne ya tsaya, kana iya ƙarawa amma iyakarsa 7.

Na fara da Heltec V3 guda 3. Ɗan allo ne da bai kai tsawon ɗan yatsa biyu a haɗe ba, yana da ƙaramin gilashi mai nuna rubutu, da wurin caji irin na wayoyin yanzu, da wurin maƙala batir. Kowanne ya tsaya min dala 20 da 'yan kai, sai ka lissafa da canjin ranar da ka saya ka ƙara kuɗin kawowa, kuma sai da na yi kusan wata guda ina jira. Abu na farko da zan ja kunnen kowa a kai shi ne mita. Ana sayar da su kala-kala, akwai na 433, akwai 868, akwai 915, kuma wanda ke kan 868 ba zai taɓa jin na 915 ba ko da a ɗaki ɗaya suke. Mu mun tsaya a kan 868 wanda Turai ke amfani da shi, duk wanda zai shigo cikinmu a Zariya to ya sayi irinsa. Wani yaro ɗalibi ya yi oda bai duba ba, mai sayarwar ya turo masa eriyar wata mita daban, ya yi sati biyu yana zargin na'urarsa ta lalace. Kuma a sani iska ma tana da hukuma, NCC ce ke kula da rabon mitocin sadarwa a Najeriya, don haka ka karanta ƙa'idarsu, kada ka je ka sayo abin ƙara ƙarfi ka ɗaura kana damun na'urorin wasu. Ƙarfin wannan ɗan allon gaba ɗaya bai kai kwatan wat ɗaya ba, kuma wallahi ya isa, zan zo kan wannan.

Ɗora manhajar bai ba ni wahala ba. Akwai shafinsu da kake buɗewa a Chrome a kwamfuta, ka jona allon, ka zaɓi sunansa, ka danna, minti kaɗan an gama. Abin da ya ci min dare guda shi ne igiyar cajin da na ɗauka ashe ta caji ce kawai ba ta ɗaukar bayani, kwamfuta ta ƙi ganin komai, sai da na canja igiya. Bayan nan ka sauke manhajar Meshtastic a waya, allon zai nuna maka lamba 6 a gilashinsa ka shigar, ka zaɓi yankin da ya dace da mitar na'urarka, an wuce wurin. Amma don Allah kafin ka ba shi wuta ka tabbata eriya na jiki. Kunna shi ba eriya yana iya ƙona ɓangaren da ke aikawa, kuma ɗan maɓallin da eriyar ke shiga ƙanƙane ne ƙwarai, in ka cika cirewa da mayarwa zai ɓalle. Ni da na maƙala sai na ɗiga masa gam na bar shi.

Gwajin farko gaskiya jikina ya yi sanyi. Na bar ɗaya a kan tebur a ɗakina a Tudun Wada, na sa ɗaya a aljihu na fita da ƙafa ina tura saƙo duk bayan 'yan taku. Ban yi nisan kirki ba, ko kilomita ɗaya ban cika ba, saƙo ya daina isa. Ga shi a bidiyo na ga Turawa na maganar kilomita 20, 30, har fiye. Na dawo gida raina a ɓace na kira abokin nan nawa na ce anya ba a cuce mu ba kuwa, ya yi dariya ya ce Malam a ina ka ajiye na gidan, na ce a kan tebur, ya ce a ƙarƙashin rufin kwano, bayan bangon bulo, ga mangwaro ga darbejiya a tsakar gida, to me kake so ta yi?

Washegari ya zo da gora doguwa. Muka sa allon a cikin robar abinci mai murfi, muka huda muka fito da eriyar, muka ɗaure a kan gorar muka jingina da ƙarfen tankin ruwa, ya zama ta ɗara duk rufin da ke kewaye. Na'ura ɗaya, eriya ɗaya, ba a canja komai ba sai tsayi. Na hau mashin na nufi PZ ina tsayawa ina turawa, yana shiga, na wuce har wajen Kwangila, da na hau kan gadar na tura sai ga alamar gajimare da ɗan tik ta fito, ma'ana an ji ni. Ina sauka ƙasan gadar cikin motoci da shaguna sai shiru. Na sake hawa, ya shiga. A wurin na gane duk karatun. Wannan rediyon ido gare ta, abin da take hange shi take ji, in akwai gini ko tudu ko duhuwar bishiyoyi a tsakani to sai dai a yi haƙuri. Duk wanda ya tambaye ni wace eriya zai saya mai tsada, amsata ita ce ya fara neman gora ko bene tukuna.

Ba wai eriya ba ta da tasiri ba. 'Yan gajerun da masu sayarwa ke haɗowa da su a leda sa'a ce, wata ta yi kyau wata ba ta yi ba. Abokina ya yanki wayar tagulla santimita 8 da ɗoriya, wato kwatan tsawon igiyar rediyo ta 868, ya like ta da dalma a kan soket, ya ƙara wasu 4 suna kallon ƙasa kamar ƙafafun gizo-gizo, kuma wannan ta hannu ta fi wadda ta zo a leda nesa ba kusa ba. In za ka sayi ta kanti ka lura da bakin zaren, akwai SMA akwai RP-SMA, a ido kamar ɗaya suke har su ɗauru da juna lafiya lau, amma a ciki allurar ba ta taɓa komai, ka ga kana aiki ba eriya ba ka sani ba.

Ranar da ba zan manta ba ita ce ranar da muka hau dutsen Kufena. Da hunturu ne, mun fita bayan asuba mu uku ta Wusasa, sanyi na shiga ƙashi, hazo ya rufe gari ko ganuwa ba a gani sosai. Mun bar ƙanina a ɗakinsu a Samaru da na'ura ɗaya a bakin taga a saman bene, ta gidanmu na kan tanki, ta ukun tana hannuna a ɗaure a sandar rake da muka saya a hanya. Da muka kai sama muka zauna a kan dutse muna haki, na ciro waya, na rubuta "Kana ji na?" na tura. Ban ƙirga goma ba wayar ta yi ƙara. "Yaya ina ji, wallahi ya shigo." Manhajar ta nuna tsakaninmu wajen kilomita 9, kuma kai tsaye ne, ba ta bi ta kowa ba. Na duba saman wayar, na riga na cire sim tun a gida don kada in yaudari kaina. Abokina ya karɓi wayar yana ta kallon lambobin da ke ƙasan saƙon, ya nuna min wata da ke ƙasa da sifili, ya ce ka ga wannan, ma'anarta saƙon ya fi hayaniyar iska rauni amma duk da haka ta tsamo shi, wannan shi ne sirrin LoRa, tana jan kowane harafi a hankali kamar mai fito, shi ya sa take nisa kuma shi ya sa ba ta da sauri. Mun fi awa a wurin. Ƙanina ya rubuto wa na gida saƙo, muka ga ya bi ta hannuna a kan dutse ya sauka Tudun Wada, alhali su biyun ba sa jin juna in ba mu. Ni a ranar na yarda da abin, har yanzu in na tuna sai in ji tsigar jikina ta tashi.

Da za a samu na'ura ɗaya ta zauna a saman Kufena dindindin da rabin matsalar Zariya ta kau, daga Birni har Samaru. Amma ba mu bari ba, kuma ba na ba kowa shawarar ya je ya ajiye akwati mai eriya da waya a kan dutse ko jikin ginin da ba nasa ba a wannan yanayi da ake ciki na tsaro. Ko a gidanmu sai da maƙwabcinmu dattijo ya yi sallama ya ce ɗana wannan abin da ka ɗaura lafiya dai ko, na shigo da shi na nuna masa, na tura saƙo a gabansa, sannan na je na yi wa mai unguwa bayani da kaina, na ce ranka ya daɗe ga abin da muke yi, ba ya ɗaukar hoto ba ya ɗaukar murya. Yanzu kowane akwati namu akwai takarda a jiki da bayanin mene ne da yadda za a samu mai shi. Masu zama wajen Palladan kuma su tuna akwai filin jirgin kwalejin koyon tuƙin jirgin sama a kusa, ba wurin kafa dogon ƙarfe ba ne yadda aka ga dama.

Sai maganar wuta, wadda ita ce ta fi cin lokacina. Heltec V3 yana ɗauke da ƙwaƙwalwar ESP32, mai Wi-Fi da Bluetooth, an yi ta ne don inda wuta take, don haka tana da ci. Da batir 18650 guda ɗaya irin wanda muke cirowa daga tsohon batirin laftof, nawa yana kai ni yini da kwana, wani lokaci ya ɗan wuce, ya danganta da lafiyar batirin. A aljihu ko a shago wannan ba matsala ba ce, ka jona da dare. Amma a saman tanki ba zai yiwu kullum ka hau ka sauko ba. Na gwada fawa banki, sai na tarar da yawansu in abin da aka jona ba ya jan wuta sosai sai su ɗauka an gama caji su kashe kansu, ka wayi gari na'ura a mace. Daga baya na haɗa kuɗi na sayi RAK WisBlock mai ƙwaƙwalwar nRF52840, ya fi tsada, ba shi da gilashi, amma cinsa kaɗan ne ƙwarai kuma allonsa na da wurin jona ƙaramin fanel na sola kai tsaye. Shi ne a cikin farin akwatin da kuka gani. Tun da na ɗaura shi sau biyu kawai na sauko da shi, kuma ko a watan Agusta da aka yi kwana uku rana ba ta fito ba bai mutu ba. In don saman rufi ne, wannan nake ba da shawara ba tare da wani kokwanto ba. In don koyo ne da riƙewa a hannu, Heltec ya wadatar kuma gilashin nan nasa na taimakon sabon shiga sosai.

Wajen jona batir a yi hattara. 'Yan fulogin nan farare ba su da tsari ɗaya, wani batirin jan waya na dama wani na hagu, kuma duk za su shiga ramin. Ɗaya daga cikin ukun farko haka ya tafi, abokinmu ya sayo batir a kasuwa ya jona bai auna ba, sai ɗan hayaƙi da wari. Ka sa mitar awon wuta ka duba, ko ka kai wa mai gyara ya duba maka, minti ɗaya ne.

Yanayin garinmu ma sai an yi shiri da shi. Da hunturu ƙura ke rufe fanel, duk sati sai na sa yaro ya goge da tsumma. Zafin Maris da Afrilu kuwa shi ya fi ba ni tsoro, don batirin lithium ba ya son a yi masa caji yana da zafi sosai, kuma akwatin roba a rufe a tsakiyar rana tanda ne. Shi ya sa na zaɓi fari, na sa fanel ɗin ya zama kamar rumfa a kansa, na huda ƙananan ramuka ta ƙasa na rufe da gidan sauro saboda tururuwa da zanzaro. Da damina kuma ganye ya cika bishiyoyi, sai na lura wasu wuraren da muke samun juna da rani sun daina, musamman ta ɓangaren Samaru da itatuwa suka yi yawa. Ga tsawa, in hadari ya haɗu sosai gabana na faɗuwa, shi ya sa ban bar gorar ta zama ita ce mafi tsayi a unguwa ba kuma babu wata waya da ta taso daga akwatin ta shigo ɗaki.

Yanzu abin da ba ta iya yi, don kada a ce ban faɗa ba. Ba kira, ba saƙon murya, ba hoto, ba bidiyo. Rubutu ne zalla, shi ma gajere, wajen harafi 200 a saƙo ɗaya. Wani abu da na lura da shi da ya shafe mu, haruffanmu masu lanƙwasa irin ƙ da ɗ da ɓ kowanne yana cin wurin harafi biyu, 'yan fuskokin dariyan nan kuma wurin huɗu, don haka in kana rubuta Hausa yadda ya kamata sai ka ga wuri ya ƙare da wuri. Saurinta a tsarin da take zuwa da shi, wanda suke kira LongFast, bai wuce a ce kilobit ɗaya a daƙiƙa ba, kuma hanya ɗaya ce kowa ke bi, in mutum ɗaya na magana sauran sai su jira. Ba wurin turo doguwar gaisuwar Juma'a ba ne. Kuma wani lokaci saƙo na ɓata a hanya haka kawai, sai ka sake turawa. In na'urarka a kashe take lokacin da aka turo, ya wuce ka, ba kamar WhatsApp ba da zai jira ka.

Rashin muryar nan shi ne babban cikas a wurinmu, na gani da idona. Na kai wa Kawu ɗaya a cikin Birni wajen Ƙofar Doka, don shi ne nake so in riƙa jin lafiyarsa ko ba sabis. Na zauna a zaure na yi masa bayani tiryan-tiryan, ya saurara har na gama, ya juya na'urar a hannu, ya ce to ina ake danna a yi magana? Na ce Kawu ba a magana sai rubutu. Ya miƙo min ya ce ai ka san ni da boko sai a hankali, ka ba yaran. Haka aka yi, yanzu jikansa ɗan sakandare ke riƙe da ita, shi ke karanta masa ya kuma rubuta amsa. Yana aiki, amma ka ga an koma dogaro da wani. Mutanenmu da yawa, musamman iyaye mata da dattawa, da saƙon murya suke rayuwa a waya, kuma duk wanda ke tunanin kai wannan abu ƙauye to ya fara tunanin wa zai karanta.

Batun sirri kuma ina roƙo a fahimce shi da kyau. Za ka ji ana cewa saƙon a kulle yake da wani tsarin ɓoye rubutu mai suna AES256, gaskiya ne, amma zauren hira na farko da na'ura ke zuwa da shi makullinsa ɗaya ne a duk duniya kuma kowa ya san shi, duk mai irin na'urar da ke kusa zai karanta abin da ka rubuta. Dandali ne. In kuna son naku na iyali ko na abokai sai ku buɗe sabon zaure da sabon makulli, manhajar za ta ba ku hoton lambar QR, kowa ya ɗauka da wayarsa ido da ido, kada a tura shi a guruf. Ana iya buɗe har zaure 8. Sannan a duba maganar wuri, Heltec ba shi da GPS amma wayarka na iya ba shi inda kake ya watsa, masu wasu na'urorin irin T-Beam da T-Echo kuwa GPS na jikinsu. Ni na kashe nawa a zauren kowa-da-kowa, ba na son taswira ta nuna ƙofar gidanmu ga wanda ban sani ba, a wannan zamani ba sai na yi dogon bayani ba.

Kuskuren da kusan duk sabon shiga ke yi, ni ma na yi, shi ne ya ga wani zaɓi wai ROUTER ya ce ai nawa ma bari ya zama babba, ya kuma ɗaga zango zuwa 7. Wannan matsayin an yi shi ne don na'urar da ke can ƙololuwa tana hangen gari duka. In ta cikin ɗaki ta karɓe shi sai ta riƙa rigan wadda ke sama maimaita saƙo, ita kuma muryarta ba ta zuwa ko'ina, saƙo ya mutu a nan. Ka bar ta a CLIENT yadda ta zo, ka bar zango a 3, sai in kun zauna kun ga akwai buƙata.

Yanzu mu 7 ne, na'ura 9. Akwai Tudun Wada, akwai biyu a Sabon Gari, ɗaya a Kongo, ta gidan Kawu, sai Samaru da Hanwa. Tsakanin Tudun Wada da Sabon Gari da Kongo saƙo na tafiya kullum ba fashi, har abokina mai gyara ya mayar da shi hanyar ce min kayanka sun iso ko ka biyo da caja. Birni na shiga in yaron ya tuna ya ajiye ta a taga. Samaru ce har yanzu take ba mu wahala, wata rana ta shiga ta Hanwa wata rana shiru, don babu wani wuri mai tsayi namu a tsakani. Ranar da sabis ya ɗauke a unguwarmu daga la'asar har dare, matata na gida ina shago, ta rubuto min cewa zazzaɓin yarinya ya sauka ta sha magani ta yi barci, kuma saƙon ya iso ni. Kuɗin da na kashe gaba ɗaya a ranar na ji sun fita.

To wa zan ce ya saya? In kai kaɗai ne a unguwarku kuma ba ka da wanda za ku fara tare, kada ka sayi ɗaya, za ka kunna ka yi ta kallon gilashi ba kowa, ka sayi biyu ko ka nemo aboki. In kana neman abin da zai maye maka gurbin waya ne, ba shi ba ne. Amma ɗaliban injiniya da na kwamfuta da ke ABU da Nuhu Bamalli, masu gyaran waya, masu haɗa sola, masu gona a bayan gari da ke son jin labarin mai gadi ko injin ban-ruwa inda sabis ba ya kaiwa, wannan abin naku ne, kuma za ku koyi rediyo da hannunku fiye da yadda allo zai koya muku. Giwa da ta sa na fara har yanzu ban kai ba, da nisa, sai an samu wurare masu tsayi biyu ko uku a hanya ta wajen Shika, kuma kowanne sai da yardar masu wurin.

Abin da muke nema yanzu shi ne mai bene mai hawa biyu ko uku, ko mai dogon tankin ruwa, tsakanin Kwangila da Samaru, wanda zai yarda mu ɗaura ɗan akwati ɗaya. Ba ya shan wutar gida, fanel ɗinsa bai fi littafin rubutu girma ba, mu za mu kawo komai mu ɗaura, mu kuma riƙa zuwa goge ƙura in hunturu ya shigo. Akwatin na nan a haɗe a shagon abokina, an riga an gwada shi kwana 10 a kan rufinsa.